Katakon da Kafinta Ya Yar

Injin yankan katako ya ƙone, ga shi an riga an karɓi aikin kujerun makaranta. Kafinta ba shi da abin jingina sai wani zanen hoto da marigayi yayansa ya zana ya bari. Don ya burge masu ba da rance, sai ya ɓalle tsohon firam ɗin katakon da ke zagaye da zanen, wanda gara ta ci, ya ƙera sabo mai walƙiya.

A ofishin masu rancen, matar da ke kimanta zane ko kallon gabansa ba ta yi ba. Juya shi ta yi.

"Malam, ina tsohon katakon?"

"Wannan ruɓaɓɓen? Na yar. Ai gyara na yi miki, Hajiya."

"Gyara? Hatimin gidan baje koli da rubutun yayanka duk a jikinsa suke. In babu su, ko sisi ba zan iya ba ka ba."

Ya ɗauka sallamarsa za ta yi, sai ya ga ta ɗauki jakarta.

"Mu je shagonka."

Awa biyu tana tonon tarin guntaye da hannunta, garin katako har gira. Kafinta ya ga ma'aikata iri-iri, bai taɓa ganin mai naci irin nata ba. Can ƙasa ta zaro wani guntu, ta hure ƙurar, ta karanta rubutun.

"Gobe ka zo ka sa hannu, ka sayi injinka. Zanen yana ɗakin ajiyarmu har ka biya. Amma don Allah, ka bar gudumarka a gida."