Yatsana a Takardar Rabon Ruwa

Da gwamnati ta ce kwamitin rabon ruwan dam ɗin Goronyo sai da mata biyu, aka rubuta ni da Ladidi. Na yi murna, don albasata na ƙarshen magudana, ruwan Goronyo bai isa gare ta.

Ranar taro maza suka shige zauren hakimi, inda mace ba ta zama. Mu kuwa aka shimfiɗa muna tabarma bayan bango. Wai 'yan kwamiti!

Da suka tashi, Jelani sakatare ya kawo takarda da tawada.

Na ce, "Mi kuka yanke?"

"Inna Uwaliya, ke dai dangwala. In babu yatsan mata, ba a sakar ma kowa ruwa."

Na dangwala. Albasata ta bushe, takarda kuma ta ce da yardata.