Taswirar Panama a Kan Kek

Yadira na tsaka da matsa jan kirim a kan kek na goma sha ɗaya, sai ga Lurleen, shugabar sashensu na gasa burodi da kek a babban kantin garinmu, ta sake ajiye mata takardun oda guda huɗu.

"Duk tuta ce, 'yar uwa," in ji Lurleen. "An fasa zana bishiyar Kirsimeti a kan kek bana. Kowa tuta yake so."

Kwana uku ke nan da sojojinmu suka sauka Panama. Mu kuwa mutanen wannan ɗan gari na Ohio, in aka ce an tura soja wani wuri, ba ma tambayar ina ne wurin. Tuta muke fara nema. Kafin gari ya waye kowace bishiya an ɗaure mata ƙyalle ruwan ɗorawa, motoci sai hon suke yi a cikin dusar ƙanƙara kamar an ci kofi. Rabinmu ko da bindiga aka tsare su ba za su iya nuna Panama a taswira ba.

Yadira ta iya. Can aka haife ta, a unguwar Chorrillo, gidajen katako masu hawa-hawa da ke manne da hedikwatar sojan ƙasar. Shekara tara tana cikinmu, har ta samu takardar zama 'yar ƙasa. Mahaifiyarta tana can a hawa na uku, da ƙafar da ba ta takawa sai da sanda. Kwana uku Yadira tana buga waya, layi ba ya shiga. A talabijin ɗin ɗakin hutu ta ga wuta tana cin wata unguwa, bai fi daƙiƙa biyar ba aka mayar da hoton kan jiragen sama. Ta gane unguwar.

Wajen ƙarfe goma Harlan Pruitt ya shigo, shugaban ƙungiyar 'yan mazan jiya, da hularsa mai lambobi. Dattijo ne mai kirki, wannan ba a musu. Shi ya share mata ƙanƙara a ƙofar gida duk lokacin sanyin da mijinta ya kwanta asibiti.

"Ina 'yar tamu?" ya ɗaga murya. "Barka, 'yata, barka! An ƙwato muku ƙasa!"

"Sannu, Baba Harlan."

"Kek nake so, wanda ya fi kowanne girma. Yau da yamma muna taro a zauren ƙungiya. Ki zana mana tsibirin naku a kai."

"Ba tsibiri ba ne."

"To, ko ma mene ne. Ke kika san abinki."

Ta ajiye ledar kirim. "Baba Harlan, gidanmu yana jikin barikin da aka fara bugawa. Har yau ban ji muryar mahaifiyata ba."

"Haba, kwantar da hankalinki. Yaranmu ba sa kuskure. Makaman yanzu har tagar da ake so suke bi su shiga."

"Mutum nawa suka mutu?"

Ya cire hula, ya rungume ta a ƙirji. "Wajen ashirin. Allah ya jiƙansu, yara ƙanana."

"A'a, ina nufin mutanen can."

Ya ƙura mata ido. Ba rashin imani ba ne, wallahi. Tambayar ce ba ta taɓa zuwa masa ba. Ya ce bai ji an faɗa ba, ya mayar da hularsa, ya ce zai dawo ƙarfe huɗu.

Ta shimfiɗa shuɗin kirim ya zama teku biyu, ta ja kore a tsakani, siriri, a lanƙwashe. Tana cikin jan layin mashigin jiragen ruwa lasifikar kanti ta kira sunanta, wai tana da waya daga ƙasar waje.

Ƙaninta Rogelio ne. Layin sai ƙara yake, muryarsa ta dushe.

"Yaya, babu Chorrillo. Toka ce."

"Mama fa?"

"Ina wurin aiki abin ya fara. An tara mu a filin wata makaranta, na bi tanti-tanti, ba ta nan. Na je asibiti biyu. Unguwar kuma an kewaye ta da waya, ba a barin kowa ya shiga. Maƙwabciyarmu ta ce da wuta ta tashi ta ji Mama tana kira daga saman bene, amma ita tana riƙe da yara biyu."

"Rogelio..."

"Ke ai tasu ce yanzu, yaya. Kina da takarda. Ki yi musu magana mana, su bar ni in shiga in duba. Ke za su saurara."

Layin ya yanke. Ta tsaya riƙe da kan waya har Lurleen ta zo ta karɓe shi a hankali.

Ita ma Lurleen kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ɗanta Dewey yana cikin waɗanda suka dira da lema a daren farko. Ta lalubo wata 'yar takarda daga aljihun rigar aikinta.

"Ga lambar da aka bayar ta iyalai. Kira yanzu, ni zan tsare miki tebur. In manaja ya yi magana, ni da shi ne."

Sau shida Yadira ta buga kafin wata mata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Ina neman mahaifiyata, Benigna Quirós. Tana Panama."

"To, ranki ya daɗe. A wace runduna take aiki?"

"Ba soja ba ce. Tsohuwa ce, shekararta saba'in da ɗaya. A can gidanta yake."

"Matar soja ce, ko ma'aikaciyar gwamnatinmu?"

"A'a. Ni ce 'yar ƙasa. Ni."

"Ayya. Ki yi haƙuri, wannan layin na iyalan sojoji ne."

"To na su waye zan kira? Wa ke da sunayen mutanen unguwar?"

Ta ji matar tana buɗe takardu, da gaske take dubawa. "Ba ni da wata lamba a nan, ranki ya daɗe. Ko za ki gwada cocinku? Allah ya sa a dace."

Shi ke nan. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya kore ta, kowa haƙuri yake ba ta. Ta rasa wanda za ta yi wa ihu. Ta shiga ɗakin sanyi, ta zauna a kan kwalin man shanu ta yi kuka mai isarta, sannan ta wanke hannu ta dawo, don akwai oda takwas da ba ta taɓa ba.

Ƙarfe uku da wani abu aka ji ihun Lurleen daga wajen waya. Dewey lafiya lau, ƙafa kawai ya gurɗe wajen sauka. Kanti ya kaure da tafi, masu sayayya suka bar kekunan kayansu suna rungumar ta. Yadira ma ta rungume ta, kuma har ga Allah ta yi mata murna. Lurleen na kuka tana dariya. Sai da idonsu ya haɗu ta tuna.

"Sun same ta?"

Yadira ta girgiza kai.

"Za a same ta. Su Dewey suna can ai." Wata mata ta ja Lurleen gefe, maganar ta tsaya a nan.

Ƙarfe huɗu daidai Harlan ya dawo da abokansa uku. Suka kewaye kek ɗin suna santi tun kafin su ɗanɗana.

"Kai! Ashe haka take, 'yar firit," in ji ɗaya. "Wannan ai ko gonar surukina ta fi ta faɗi."

"Shi ya sa aka gama da ita kafin a ci abincin rana," in ji wani. Aka kwashe da dariya.

Harlan ya fito da 'yar tuta daga aljihu, irin ta jikin tsinken sakace.

"Nuna mana gidanku, 'yata."

Mutane sun taru, duk fuskoki a sake, duk sanannu. Ta san wanda za a yi wa baftisma cikin jikokinsu, ta san irin kek ɗin da kowa ke so. Ta buɗe baki, ta rasa ta ina za ta fara da za su ji. Sai ta miƙa yatsa ta nuna wani wuri a bakin shuɗin, kusa da mashigin ruwa.

Harlan ya soka tutar a wurin, ya danna ta har ta tsaya.

"Yauwa. In kin samu Mama a waya, ki ce mata ta daina tsoro. Mun iso."

Aka yi tafi. Yadira ta ɗauko murfin kwali ta ga tutar ta yi tsawo, ba zai rufu ba. Ta je ta nemo wani kwalin mai zurfi.