Uwar da Ke Jikin Zane

Tun da sanyi ya fara ja da baya Théodule Marchais ya duƙufa kan zanen da zai kai babban baje kolin Paris: uwa zaune a bakin rijiya, ɗanta a cinya. Ɗan kuwa nasa ne na cikinsa, Gaspard, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Amma uwar ba matarsa Honorine ba ce. Ya ce alƙalan baje kolin dogon wuya suke so da fuska irin ta gumakan dā, sai ya ɗauko Zélie, wadda zama gaban masu zane ne sana'arta.

Honorine ba ta yi musu ba, don da zanen nan za su ci abinci. Ita ke hura murhu tun da safe kada mura ta kama yaron, tunda tsirara ake zana shi. Ita ke tsaye a gefe da bargo a hannu. Da farko Gaspard ihu yake in an miƙa shi ga Zélie, abin har daɗi yake wa Honorine a ɓoye. Sannu a hankali ya saba. Ya koma barci a cinyar Zélie, yatsunsa cikin gashinta.

"Madam, ɗan nan naki ya fi manyan maza hankali," in ji Zélie tana dariya. "Ki bar mini shi mana."

Wata safiya kafin Zélie ta iso, yaron ya yi tuntuɓe, goshinsa ya bugi ƙafar kujera. Honorine ta durƙusa ta buɗe hannuwa. Ya wuce ta, ya tsaya gaban zanen yana kuka, yana miƙa hannu ga fuskar da ke sama.

Honorine ta sunkuce shi ta naɗe a bargo, ta ce Zélie ta gama riƙe mata ɗa. Théodule ya shiga lallashi: ƙafafun yaron kaɗai suka rage, ranar karɓar zane ta matso, in ta wuce shi sai baɗi.

"Fuskar tata ai ka gama," in ji Honorine. "Miƙo mini rigar da take sawa in za ka zana ta, ni zan zauna."

Da Zélie ta ƙwanƙwasa, daga bakin ƙofa Théodule ya sallame ta. Gaspard ya ji muryarta, ya hau zillo yana leƙen ƙofar. Théodule ya yi ta mita cewa ƙafafun sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Rigar ta matse Honorine a kafaɗa, hannunta ya sage, amma ba ta sassauta riƙon ba har yaron ya gaji ya kwantar da kai a ƙirjinta.