Sabuwa a Rairayin Rima

Taɓarya na hannun Habi, amma idonta ba ya kan turmi. Yana can ƙofar ɗakin Inna Safara'u, inda tsohuwar ta matse Sabuwa tsakanin gwiwoyinta tana murza mata man shanu tun daga wuya har ƙwauri. Da ta gama ta rangaɗa mata kwalli, ta jawo wani ɗan zanen saƙi daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe, ta ɗaura mata. Yarinyar sai juyi take yi tana washe giɓi, tana leƙen uwarta ko ta gani.

Habi ta gani, kuma abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Inna Safara'u, mahaifiyar maigida Jelani, ba macen da man shanunta ke fita a banza ba ce. Jikokinta ma sai da sallah suke jin ƙamshinsa, shi ma a ɗan yatsa, ballantana 'yar baiwa.

Don Habi baiwa ce. An kamo ta daga wani ƙauye na kudu tun tana ƙwaila, ta tsaya a kasuwa aka jujjuya ta, daga nan ta faɗo wannan gida na Wurno. Sabuwa kuwa a gidan aka haife ta, cikin ɗan ɗakin da ke bayan rumbuna, ubanta bawan gona ne da ya rasu tun tana rarrafe. Irin su ake kira dimajai, bayin da aka haifa a gida, kuma kowa a garin ya san ba a kai su kasuwa. Wanda ya yi haka alƙali ba zai ce masa komai ba, amma bakin mutane zai bi shi har kabari. Wannan kunyar ta mutane ita kaɗai Habi ta mallaka a duniya, da ita take samun barci.

Ta aje taɓarya ta matsa, ta durƙusa.

"Inna, ina za a kai ta haka da kwalliya?"

"Rairayi za mu tahi da yara," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago kai ba. "Ita ba ɗiya ba ta? Kullum sai dai ta ɗauki tulu? Yau wasa za ta yi."

Magana ce mai daɗi, sai dai ba daga bakin da ya saba ta fito ba. Aka ce Habi ta zauna ta ƙarasa daka. Ita kuwa ta marairaice, ta ce ƙwaryar fura ta yi wa yara nauyi, ga tabarmi, ga Inna da ciwon baya. Tsohuwar ta dube ta kamar mai auna wani abu, sannan ta ce to, ta ɗauko.

* * *

Duk bazara, idan gulbin Rima ya janye, yakan bar farin rairayi shimfiɗe ƙasa da ganuwar gari, ruwan ya rarrabu gurbi-gurbi. A lokacin nan babu yaron da ke zaunuwa a gida. Tsofaffi kan kwaso jikoki da hantsi, su shimfiɗa tabarma a inuwar giyayya, su sake su. Wasu su binne ƙafa cikin jiƙaƙƙen rairayi su daddaɓa, su zare a hankali, ga ɗaki ya fito har da ƙofa. Wasu su bi ƙananan kifi da ƙwarya suna ihu, rabin yini ba su kama ko na miya ba. Maza na langa, mata na gaɗa, ƙanana na kwance a bakin ruwa kamar kwaɗi. Ko mai baƙin rai ya ga wurin sai ya murmusa.

Sabuwa ta ruga cikinsu tare da Ruƙayyatu, 'yar maigida, wadda suka tashi tare suna cin tuwo a akushi ɗaya idan manya ba sa kallo. Habi ta sauke kaya, ta fara dama fura, ta ce wa zuciyarta ta daina neman abin da babu. Wataƙila tsufa ne ya sanyaya Inna. Ana yin haka, mutum ya hango kabari ya fara alheri.

Sai ta ga Jelani. Shi da ko sunan jikokin maƙwabta bai sani ba, shi da ke cewa hayaniyar yara na sa masa ciwon kai, ga shi zaune a kan buzu can gefe, tare da wani baƙo mai naɗi har hanci. Bayansu raƙumi na durƙushe yana tuƙa. Baƙon ba ya magana da yawa, ido ne kawai ke aiki.

Jelani ya tafa hannu ya ce 'yan mata su yi tsere, daga bakin ruwa zuwa gindin giyayya, wadda ta zo farko tana da dabino. Yara suka yi ta murna. Sabuwa ce ta zo farko, ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa. Aka ce su sake, ta sake cinyewa. Aka ce to, a ga wadda za ta ɗauko tulu cike daga ruwa ba ta zubar ba. Wannan kam ai aikinta ne na kullum, ta kawo shi a ka tana rangwaɗa, mutane na dariya.

Baƙon ya yafuto ta. Ya miƙa mata dabino, ya ce ta buɗe baki ya ga giɓin nan da take taƙama da shi. Ta buɗe. Ya ce ta ɗaga hannu ya ga ko ta kai kafaɗarsa. Ta ɗaga. Ya kama tafin hannunta ya juya, ya dubi farin idonta, duk cikin wasa, duk cikin raha.

Ludayi ya tsaya a hannun Habi. Ta san wannan duban, an taɓa yi mata shi. Haƙora, hannu, ido, sannan a ce yi tafiya mu gani. Bambancin kawai, ita ranar ba wanda ya ba ta dabino. Tsoro ya kama ta.

Ba ta gama tattara hankalinta ba Inna Safara'u ta fara lalube cikin zane, ta ce ta manto goronta a gida, a ƙarƙashin matashi, kuma kanta har ya soma sarawa. Ta ce Habi ta koma ta ɗauko. Habi ta ce ai ga Sabuwa nan mai ƙafa, yanzu za ta je ta dawo. Tsohuwar ta ce yarinya na wasanta. Habi ta ce to su tafi tare, ta ga kamar rana ta fara dukan yarinyar.

"Habi," in ji Inna Safara'u a hankali, "yaushe kinka hwara maida mani magana?"

Daga can Jelani ya juyo yana kallo. Me baiwa za ta ce? Ta ce ta ga baƙo ya duba haƙoran 'yarta? Ai dariya za a yi, a ce zafi ya taɓa ta. Ta tashi, ta bi ta bakin ruwa, ta kama Sabuwa ta raɗa mata cewa kada ta rabu da Ruƙayyatu, ko wa ya kira ta kada ta je. Yarinyar ta gyaɗa kai, bakinta cike da dabino, hankalinta na kan ɗakin rairayin da wani yaro ke shirin rushe mata.

Habi ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Ta haye gangare, ta shiga ƙofar gari, ta faɗa gida. Babu goro a ƙarƙashin matashi. Ta ɗaga tabarma, ta zazzage faifai da ƙore, babu. Sai a lokacin ta tuna ta ga bakin tsohuwar ja wur tun da safe, da ƙullin goro a gefen zanenta.

* * *

Tun daga kan gangare ta jiyo salati. An tattara yara waje ɗaya, mata sun kewaye Inna Safara'u, ita kuwa ta ɗora hannu a ka. A bakin gurbi mafi nisa, can bayan wani duhun geza, ga ɗan zanen saƙi a yashe. Aka tare Habi, aka riƙe ta, aka ce ta yi haƙuri, ruwa ya ci Sabuwa.

Wa ya gani? Ba wanda ya gani da idonsa. Wannan ta ce waccan ta gaya mata, waccan ta ce daga bakin Inna ta ji. Inna ta ce ta aiki yarinyar ta ɗauraye ƙwarya, daga nan shiru. Jelani ya ce shi lokacin ya taka wa baƙonsa. Baƙo babu, raƙumi babu, sai sawunsa manya-manya da suka bi bayan gezar suka miƙe arewa. Habi ta nemi idon Ruƙayyatu. Yarinyar na sheshsheƙa, ta buɗe baki za ta yi magana, kakarta ta jawo ta ta cusa fuskarta cikin zane.

Jelani bai yi ƙasa a gwiwa ba, a nan kam dole a yaba masa. Ya aika aka kira masunta, ya tsaya a rana yana nuna musu inda za su ja taru. Suka ja, suka sake ja, har la'asar, ba su fito da komai ba sai tarwaɗa da ruɓaɓɓen itace. Babbansu, wani tsoho da ake kira Mode, ya fito yana matse bante. Ruwan ko cibiyarsa bai rufe ba. Habi ta rarrafa ta kama ƙafarsa.

"Baba Mode, don Allah hwaɗa mani. Tana ciki?"

Tsohon ya dubi ruwan, ya dubi Jelani, wanda a fadamarsa yake shanya taru, ya dubi sama.

"Ɗiyata, abin da ruwa ya ci shina maido shi. Wanga bai maido ba." Ya zare ƙafarsa a hankali. "Allah shi ba ki hanƙuri."

Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma ya fi abin da sauran garin suka iya.

* * *

Aka zauna makoki. Maƙwabta suka yi ta shigowa, kuma abin da ya fi ƙona wa Habi rai shi ne kirkinsu. Matan da ba su taɓa amsa gaisuwarta ba suka dafa kafaɗarta. Suka yabi Inna Safara'u da ta riƙe 'yar baiwa kamar jika, har kwalli ta sa mata ranar. Wata ta ce aljanun ruwa sun fi son yaro mai kwalliya. Wata ta ce kada ne, ko da yake rabon da a ga kada a gurbin tun kafin a haife ta. Dukansu sun ga raƙumin, dukansu sun san zurfin ruwan, 'ya'yansu na wanka a ciki kullum. Amma faɗin gaskiya na nufin ɓata gidan mutum, gobe kuma ana iya bukatar a rufa wa nasu gidan asiri.

Habi ta yi tunanin zuwa gaban alƙali. Ta je ta ce me? Shaidar baiwa ba ta hawa kan ɗa mai 'yanci, kuma ita kanta ba ta ga komai ba sai haƙora da dabino. Wani lokaci har takan roƙi Allah ya sa ruwan ne da gaske, don wanda ruwa ya ci ya huta. Sai ta tsorata da addu'ar, ta janye, ta roƙi ya sa raƙumin ne, don mai rai yana iya dawowa. Ba ta san wadda za ta riƙe ba, kuma ba ta iya kuka sosai, don ba ta san irin kukan da za ta yi ba.

Ranar sadakar uku Inna Safara'u ta buɗe rumbu da kanta, ta ce a yi gumba mai yawa, kada a ce gidan Jelani ya yi wa marainiya rowa. Wa zai daka? Ai babu mai daka a gidan sai Habi. Ta surfa geron, ta bakace, ta tara dusa a gefe, ta wanke, ta daka. Malamai suka taru a zaure suna nema wa Sabuwa rahama, muryarsu na shigowa har madafa.

Ana cikin haka aka ji haniniya a ƙofar gida. Wani ingarma ne aka shigo da shi, ja, mai farin goshi, gashinsa na sheƙi. Yara suka watsar da gumba suka ruga kallo. Aka ce kyauta ce daga wani abokin maigida na nesa. Habi ce ke share garke, ta san ko ɗan maraƙi bai fita ba. Ita ke hawa rumbu, ta san ko dami ɗaya ba a kai kasuwa ba. Kuma tun da ta zo gidan ba ta taɓa ganin wanda ya ba Jelani kyautar ko zakara ba.

Aka kafa turke a gindin bango. Inna Safara'u ta leƙo madafa, idonta ya sauka kan ƙwaryar dusa.

"Kak ki bar ta ta lalace. Kai ma dokin, ya sha tahiya."

Habi ta ɗauki ƙwaryar. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce masu gaisuwa, ta durƙusa gaban turken ta riƙe da hannu biyu. Dokin ya sunkuyo, hucinsa mai ɗumi na bugun yatsunta. Ta tsaya a haka tana kallonsa, tun daga kunne har kofato, har ya lashe ƙwaryar tas.