Hannun Atu a Bango

"Kak ka taɓa nan," in ji Baba Ɗangiwa.

Na riga na ɗaga laka a hannuna. Na sauke.

"Baba, ta nan iska ke shigowa. Dubi tsagar, yatsuna biyu suna shigewa."

"Na gani. Ni ka kwana ciki. Wuce gaba."

Maƙwabcinmu ne a Kebbe, katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun kafin a haife ni. Ɗakinsa na itace ne, sandunan marke da aka kafa a jere, aka yaɓe su da laka ciki da waje, aka ɗora jinka. Babu irinsa kuma a unguwar, kowa ya koma bulo da kwano. Duk shekara bayan girbi, kafin sanyi ya sauko, shi da matarsa Inna Atu ke sabunta yaɓen. Shi ke cuɗa lakar da ƙaiƙayi da kashin shanu ya yaɓe waje. Ita ke yin ciki da tafin hannu, don ta ce nasa aikin kamar saniya ta bi ta kan bango. Muna yara mukan fake a ɗakin da safe kafin makaranta, mu haye gadon ƙasa mai garwashi a ƙarƙashi, ta ba mu gyaɗar da ta gasa a toka. Ta rasu da damina ina Rasha wajen karatu. Na dawo na tarar da shi shi kaɗai, da tari.

Sai da na matsa kusa na ga abin da yake karewa. A gefen gado, daidai inda tsagar ta ratsa, akwai shatin tafin hannu, ƙarami, ɗan yatsan ƙarshe a karkace. A nan takan gama yaɓe, ta danna hannu sau ɗaya ta ce an rufe shekara.

Ɗansa Abdulganiyyu, malamin sakandare a Tambuwal, ya gina masa ɗakin siminti a can. Ya zo a mashin a ranar, ya tsaya a ƙofa yana kallon bokitin laka.

"Baba, wanga ɗaki ba ya kai ka bazara. Ka taso mu tafi."

"In tafi in kwana ƙarƙashin kwano? Da asuba raɓa ta riƙa ɗiga mini a ka?"

"Da silin, Baba."

"Da silin. To Allah ba silin lafiya."

Abdulganiyyu ya juyo wurina. "Mansur, kai ka yi zama inda ruwa ka daskarewa. Gaya mishi gaskiya."

Na faɗi gaskiya. Ɗakin ya fi kwano riƙe ɗumi, in an toshe shi. In ba a toshe ba, da shi da kwana a fili duk ɗaya ne.

"To a toshe," in ji Abdulganiyyu. "In na dawo na aza hannu na ji iska, da mota nika zuwa. Ba ni barin ka nan sanyi shi ƙarasa ka mutane su ce ina da ɗaki na hana ubana."

Na yi abin da zan iya. Na cushe bakin jinka da karan gero, na bar 'yar kafa a sama saboda hayaƙin garwashi. Na sauya asabarin ƙofa. Tsagar kuwa na yaɓe ta ta waje, na jingina zana ninki biyu. Baba na zaune a rana cikin bargo yana ba da umarni.

"Ƙara ƙaiƙayi, Baturen Hinde. Can Rasha da cokali akan yaɓe bango?"

Hinde mahaifiyata ce. Tun da na dawo bai kira ni da wani suna ba.

Yaɓen wajen bai riƙe ba. Sandar da ke ciki ta goce, lakar na bushewa ta sake darewa. Sanyi ya sauko sosai. Da safe nakan kai masa kunu in same shi ya juya wa bangon baya, ya naɗe kai da rawani, tarin ya koma ƙirji. Na ce ko tsumma in cusa. Ya ce tsumma zai karya gefen shatin.

Abdulganiyyu ya dawo, ya aza tafin hannu a tsagar, ya daɗe bai ɗauke ba. Shi ma ya ga hannun uwarsa.

"Ran kasuwa nika turo mota," ya ce, ya fita.

Washegari da hantsi Baba ya kira ni ta kan katanga.

"Cuɗa mini laka. Mai laushi, irin ta ciki."

Na kawo, na naɗe hannun riga.

"A'a. Kai dai riƙe bokiti."

Ya durƙusa a kan gadon. Yakan ɗebi kaɗan, ya tura cikin tsagar da babban yatsa, ya huta, ya yi tari, ya sake ɗiba. Ya fara daga sama. Da ya iso wurin shatin ya tsaya, har na ɗauka ya fasa. Sai ya ce, ba da ni yake ba, "Ki yi haƙuri, aikin saniya na," ya shafa. Tsagar ta ratsa tsakiyar tafin ne, don haka rabinsa ya tafi. Yatsu biyu suka rage, har da karkataccen. Ya daidaita lakar, ya danna nasa hannun a gefe.

"An rufe shekara," ya ce. "Kawo mini garwashi."

Ran kasuwa Abdulganiyyu ya zo da motar haya. Ya shiga, ya taɓa bango daga sama har ƙasa, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya cire rigar sanyinsa. Ya fita ya sallami direba. Ya kwana biyu nan tare da ubansa, suna gardama a kan wace gona za a bari ta huta.

Baba ya rasu a satin, bayan la'asar, a kan gadonsa, ɗakin da ɗumi. Aka kai shi kafin magariba, kusa da Inna Atu.

Da safe na shiga kwashe toka. Bangon duk ya yi fari, sai wurin nan kaɗai da ke da duhu, don inuwa ce, lakar ba ta gama bushewa ba. Na taɓa gefenta, da sauran danshi. Babban tafi ɗaya, da yatsu biyu ƙanana a jikinsa.