Bututun da Ke Jin Dutse

...kuma ba wanda ya yarda, Saudatu. Ni da na taɓa ce musu na kamo kifi a kogin Haɗeja da buta a cikinsa, suka ce ikon Allah. Na ce wani kada ya rako ni har Baturiya yana riƙe min takalmi, suka gyaɗa kai. Amma ran da na faɗi gaskiya, cewa wani dutse ya yi aman wuta a tsakiyar teku, can bayan duniya, ƙararsa ta biyo iska ta ratsa kan gonar shinkafar maƙwabcinmu Hamman ba wanda ya ji, sai suka ce, "Zarami, ka ji tsoron Allah."

To ga na'urar da ta ji ƙarar nan a gabana. Akwatin ƙarfe, faifan sola, bututai huɗu kwance cikin ciyawa. Aikina in kore shanu, in zaro kwaɗi daga bakin bututu. Gadin kunne ke nan. Da kina raye da kin yi dariya: mutumin da bai taɓa sauraron kowa ba.

Dakta Adila, malamar jami'ar da ta kafa shi, yanzu ta tafi. Ga sawun motarta a laka. Ta nuna min zanen abin da ya ji a kwamfuta, layi yana tafiya lafiya lau, sai ya zabura. Dutsen ke nan. Na gyara murya, wai wasa nake, na ce to hirar da nake yi kusa da bututun fa, tana ina?

"Ai ba ya jin maganar mutum, Baba. Muryarmu ta yi masa sama. Sai abin da ya yi ƙasa ƙwarai."

Na yi dariya. Na iya.

Shekara biyu, Saudatu... kullum bayan la'asar ina durƙusawa a bakin bututun gabas ina faɗa masa. Cewa ba ruwa ne ya tare min hanya ba ran nan. An aiko kina kirana, ina majalisa, labarin kadan da ya rako ni ya kai tsakiya, mutane sun buɗe baki, na ce bari in ƙarasa. Na ƙarasa. Na zo an rufe miki fuska. Na ce ambaliya ce... wannan ma suka yarda.

Na ɗauka abin da ke jin dutse daga bayan teku, ni da ke zaune a gindinsa ai... wa ya ce min? Ba wanda ya ce. Ni na shirya wa kaina, na kuma yarda.

Balbelu suna sauka bayan shanu. Wani kwaɗon ya sake shiga. Bar shi.

Gwiwa ta riga ta kai ƙasa, ta saba. Ƙasa ƙwarai, in ji Dakta. To in na rage murya fa? In na rage... har ni ma in daina ji?