Katin Dalar Inna Fatu

Ranar da bizar Masar ta fito, duk Kibiya sai da ta ji. Inna Fatu mai ƙuli-ƙuli za ta hau jirgi ta je ta ga 'yarta Humaira ta karɓi takardar likita a Alƙahira. Burinta ɗaya ne: ta saya wa yarinyar abin sauraron bugun zuciya, irin wanda likitoci ke ratayawa a wuya, da kuɗin ƙulinta kuma da hannunta.

Masu shawara suka yi mata caa. Mutanen da ko Kano sai an yi musu rakiya, su ne suka fi kowa sanin Masar. Ƙanenta Alu direba ya janye ta, ya zuba ta a mota sai banki a Rano.

Ma'aikaciyar bankin ta yi mata bayani dalla-dalla. Katin naira yana iya yi a can, yana iya ƙi, kuma akwai iyakar abin da zai biya. Na dala sai an fara zuba masa dala, amma da shi ake sayayya hankali kwance. Cirar kuɗi a injin waje kuwa, kowace cira da ladanta, don haka kar ta riƙa cira kaɗan-kaɗan.

"Ba ni mai dalar, 'yar nan," in ji Inna Fatu, baki har kunne. "Na nairar ya biyo mu rakiya."

Aka turo mata ɗan inji ta zaɓi lambar sirri. Sai ta tsaya tana kallon sa.

"Ai Muntari ne ke danna min."

Muntari shi ne mai POS a bakin kasuwar Kibiya. Kamar yawancin matan unguwar, kati kawai take miƙa masa, shi ya riƙe lambar a kansa.

Alu ya dafe kai. "Yaya, babu Muntari a Alƙahira fa!"

Inna Fatu ta sake duban injin. Wato sai ta tsallaka ƙasashe, ta tsaya a kanti, ta miƙa wa 'yarta kati ta ce saya wa kanki? Ina! Ta daure ta danna, ma'aikaciyar na nuna mata.

Da ta koma gida ta jawo faifai, ta jera ƙuli uku-uku yadda ta ga lambobin a jikin injin, sifili a ƙasa. Tana suya tana dannawa, tana tsane mai tana dannawa. Wata rana akuya ta cinye mata bakwai da tara, ta bi ta da muciya har zaure.

A Alƙahira, mai kanti ya miƙo injin. Humaira ta kai hannu, uwar ta make shi. Ta yi bisimilla, ta lalubi faifanta a zuci, ta danna. Injin ya ɗan yi shiru, sannan ya tofo takarda. Inna Fatu ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kantin, Larabawa na waige. Ta rataya wa 'yarta abin a wuya, su biyun suna hawaye suna dariya.

Bayan ta dawo, ta je cirar kuɗin gyaɗa. Muntari ya yi mata barka da sauka, ya karɓi kati, ya ɗaga yatsa kamar kullum. Ta karɓe injin, ta rufe shi da gefen mayafi.

"Kau da kanka, Muntari."